Hoton Marigayi a Bangon Falo

Daga:
Ɗan ƙungiya mai kati lamba 0317,
wanda 'yan sana'a da masu kallo suka fi sani da Marigayi,
Gida na uku bayan tashar mota, layin masu walda.

Zuwa ga:
Mai girma Shugaban Kwamitin Ladabtarwa da Sasanci,
Ƙungiyar 'Yan Wasan Fim da Talabijin,
Hawa na biyu, ofishin ƙungiya.

Litinin, 17 ga watan Yuni.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: SAUYA HOTONA A BANGON FALON SHIRIN YAMMACIN LAHADI, DA MIƘA MATSAYIN DA AKA YI MINI ALKAWARI GA WANI ƊAN ƘUNGIYA

Bayan gaisuwar ban girma, ina yi wa Shugaba fatan ƙarin lafiya da haƙurin sauraron irinmu. Ni ɗan wannan ƙungiya ne tun tana ɗaki guda da benci biyu, yau shekara ashirin da uku ke nan, kuma ban taɓa kawo ƙarar kowa ba. Ina roƙon a lura da wannan tun farko, domin na ji ana yawo da maganar cewa hassada ce ke cin raina. Ba hassada ba ce. Hakkina ne aka taɓa, kuma zan jero yadda abin ya faru dalla-dalla, kowane da ranarsa.

1. Ranar 4 ga watan Fabrairu, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, daraktan shirin nan mai dogon zango da ake nunawa kowace Lahadi da yamma ya kira ni, ya ce ni zan fito a matsayin maigidan, uban 'ya'ya biyar, wanda labarin duka a gidansa yake gudana. Na karɓi takarda mai shafi bakwai na haddace tsaf. Ana saura kwana uku a fara ɗauka, marubucin ya sake shawara, ya ce labarin zai fi armashi idan an fara shi bayan maigidan ya rasu. Sai aka sa mini riga mai ruwan toka da tabarau, aka zaunar da ni a kujera aka ɗauke ni hoto, aka sa a firam mai bakin zinare, aka rataye a bangon falo sama da doguwar kujera. Aikina a shirin ke nan, kuma bai wuce minti ashirin ba. A ranar, a gaban mai kula da kayan wasa, wanda yana nan da ransa ana iya tambayarsa, darakta ya dafa kafaɗata ya ce duk ranar da labari ya waiwaya baya aka nuna maigidan da rai, ni ne ba wani ba. Ban nemi a rubuta ba, domin a lokacin maganar baki tana da daraja.

2. Zuwa makon da ya gabata an nuna kashi ɗari huɗu da tamanin da shida na shirin. Hotona ya fito a ɗari huɗu da goma sha biyu daga cikinsu. Ina da yaƙinin babu tauraron da ya kai ni yawan fitowa. A gabana aka yi rabon gado, a gabana babban ɗan ya yi rantsuwar ƙarya, a gabana aka yi saki biyu da kome ɗaya. Tauraruwar da ke fitowa a matsayin matar marigayin ta goge gilashin fuskata da gefen mayafinta sau sittin da takwas, tana gaya mini abin da yara suka yi mata. A waje ba ta taɓa ce mini fiye da sannu ba, kuma ban ga laifinta ba. Duk da haka sunana bai taɓa shiga jerin sunayen ƙarshen shiri ba, domin an ce hoto kayan wasa ne, ajinsu ɗaya da labule da agogon bango. Na haɗiye wannan.

Abin da hoton ya jawo mini kuwa Shugaba ya sani. Tun daga shekara ta biyu babu daraktan da ya yarda ya nuna fuskata a wani fim, domin da na bayyana masu kallo sai su ce ga Marigayi ya tashi, a fashe da dariya ko da wurin kuka ne. Na yi tallar sabulu sau ɗaya, aka janye ta bayan mako biyu. Wata mata ta taɓa sauka daga motar haya tana salati don na zauna kusa da ita. Tun daga nan ƙeyata ce ke aiki. Ni ne mutumin da ke wucewa a baya da jarida, ni ne wanda ke zaune a layin asibiti ya ba kyamara baya. Sauran kwanakin mako ina gyaran agogo a bakin kasuwa. Ban yi ƙorafi ba, domin ina jiran ranata.

3. Ba jiran banza na yi ba. Na sayi littafi mai baƙin bango, kuma duk Lahadi ina zaune da biro a gaban talabijin ina rubuta duk abin da aka faɗa game da marigayin. Yana shan shayi ba sukari. Ba ya ɗaga murya. In ransa ya ɓaci sai ya ƙwanƙwasa zobensa a jikin kofi sau uku, gidan ya yi tsit. Yana ɗingishi da ƙafar hagu saboda haɗarin babur, kamar yadda matarsa ta faɗa a kashi na saba'in da uku. Marubuta huɗu aka sauya a shirin nan, babu wanda ya san mutumin kamar ni. Na yi ta gwada ɗingishin a tsakar gida har ya zama in na gaji ƙafar hagun ce ke fara ja da kanta. Maiɗakina takan ce mutum da ƙafarsa lafiya lau ya ɗora wa kansa gurguntar wani, wanin ma da ba a taɓa haifa ba.

4. Yanzu sai wanda ƙorafin ya shafa. Ƙanen maiɗakina ne, wanda 'yan sana'a ke kira Dogo, mai kati lamba 1142. Shugaba zai ga tazarar da ke tsakanin lambarsa da tawa. Mai gyaran rediyo ne, har aka rushe shagonsa lokacin faɗaɗa titi, shekara shida da suka wuce. Yayarsa ta hana ni sakat, na kama hannunsa na kai shi wurin ɗaukar shiri, na roƙa aka ba shi riƙon sandar makirfo, tunda Allah Ya yi shi da tsawo. Ni na koya masa inda ake tsayawa kada inuwar mutum ta shiga hoto. Ni na koya masa kada ya tauna komai in an ce a yi shiru. Wata rana wanda zai fito a matsayin direba bai zo ba, aka ba Dogo layi biyu. Daga nan sai maigadi, sai ɗan sanda, sai likita. Ana cewa wai yana da murya. To, murya dai kowa na da ita, sai dai wani ba a ba shi layin da za a ji ta ba. Ban ce ba shi da ladabi ba. Har yau in ya shigo gidana sai ya durƙusa ya ce, “Yaya, an wuni lafiya?” Ladabin ma yana cikin abin da ke ƙona mini rai.

5. Ranar Talata, 14 ga watan Mayu, na ji a bakin mai kwalliya, ba a bakin darakta ba, cewa za a yi kashi uku na waiwaye, a nuna maigidan da ransa. Na je na tuna wa darakta alkawari. Ya yi dariya ya ce, “Baba Marigayi, ai ba a manta da kai ba, amma yanzu tsari ya sauya, kowa sai ya yi gwaji.” Ban ga dalilin da za a gwada mutum a kan fuskarsa ba, amma na bi doka.

An yi gwajin ranar Laraba, 22 ga watan Mayu, mu tara. Ina so a rubuta cewa fankar ɗakin tana ƙara, rubutun takardar ƙanana ne, kuma an kunna fitila ta dalle mini ido. Layin farko shi ne, “Ku zauna, ina da magana.” Na shigo da ɗingishina daidai, na tsaya inda aka yi alama a ƙasa, na ɗaga kai na ga idon kyamara yana kallona a fuska, abin da rabona da shi shekara tara. Sai layin ya gudu daga kaina. An ba ni dama sau uku. A ta ukun na ce “Ku zauna,” sauran ya ɓace. Wanda aka shekara goma sha ɗaya ana biyan bukata da shirunsa, ba adalci ba ne a ce ya buɗe baki cikin minti biyar. Darakta ya ƙara da cewa labarin na shekarun baya ne, ni kuwa na yi tumbi, gashi ya gudu, haƙora biyu sun bi shi. Ban musa ba. Amma tsufan nan a bakin aikinsu na yi shi.

6. Ranar Litinin, 27 ga watan Mayu, ina alwala a tsakar gida na ji maiɗakina a waya tana dariyar da rabon da in ji irinta tun haihuwar autarmu. Da ta gan ni sai ta shige ɗaki ta rage murya. Ashe Dogo aka ba matsayin. Da yamma ya zo da ledar lemo, ya durƙusa ya ce, “Yaya, wallahi ban nema ba, kirana aka yi. In ka ce in bari, zan bari.” Shugaba mutum ne mai hankali, ya san wannan ba tambaya ba ce, tarko ne. Yayarsa na tsaye a bakin ƙofa tana kallona. Na ce Allah Ya sa albarka. Lemon yana nan har ya bushe, ban taɓa ko ɗaya ba.

7. Ranar Alhamis, 6 ga watan Yuni, aka fara ɗauka. An kira ni a matsayin ɗaya daga cikin baƙin da suka zo gaishe da maigidan, in zauna in ba kyamara baya kamar kullum. Wato ni ne baƙo a falona. Dogo ya shigo cikin riga mai ruwan toka, wadda aka ƙara wa tsawo, yana ɗingishi da ƙafar dama. Darakta bai gani ba. Marubuci bai gani ba. Matar marigayin da ta faɗi maganar da bakinta ba ta gani ba. Da na yi shiru, da an nuna shi haka, da masu kallo sun yi masa ca, da yau ba na rubuta wannan takarda. Na san haka sarai a lokacin, har na ji daɗi ya fara taso mini. Amma ban san sanda na miƙe na ce, “Hagu ce. Kashi na saba'in da uku.” Na kasa zama ina kallo a gurgunta mutumin a ƙafar da ba ita ba. Aka tsaya aka bincika, aka tarar haka ne. Darakta ya tambayi yadda aka yi na sani, Dogo ya ce, “Ai Yaya yana da littafi.” Ko na gode babu wanda ya ce mini, aka ce kowa ya koma wurinsa.

8. Washegari na duba ƙarƙashin katifa ban ga littafin ba. Maiɗakina ba ta ɓoye mini cewa ita ta ba Dogo ba. Ta ce, “Malam, ka fi son a ɓata mutumin, ko a yi shi yadda ka rubuta? In ba ka samu ba, ai gara ya tsaya a gida.” Na san kwamiti ba shi da hurumi a kan abin da ke tsakanin mutum da iyalinsa, kuma ba ƙararta na kawo ba. Shekara ashirin da shida muna tare. Na ambata ne don a san ta inda aikin shekara goma sha ɗaya ya bi ya shiga hannun wani. An ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Kwana huɗu muna gaisawa kamar maƙwabta.

9. Ranar Lahadi, 9 ga watan Yuni, na zauna kallo kamar yadda na saba, sai dai ba biro. Aka nuna falo. Firam ɗin nan ne mai bakin zinare, ƙusar nan ce, amma fuskar Dogo ce a ciki, da tabarau irin nawa. Ba a sanar da ni ba, ko da ta saƙon waya. A minti na goma sha bakwai matar marigayin ta zo ta goge gilashin da gefen mayafinta, ta daɗe a kai fiye da yadda take yi mini. Na duba agogo, kuma agogo sana'ata ce. Jikata 'yar shekara biyar, wadda takan tashi ta ɗaga wa hoton hannu duk Lahadi, ta juyo ta tambaye ni ko an kore ni ne. Da safe yaran layinmu suka ga Dogo ya zo wucewa suka bi shi suna kiran Marigayi. Ina zaune a ƙofar gida. Sunan da na shekara goma ina jin haushinsa, ranar na ji kamar an cire mini riga a kasuwa.

10. Ranar Alhamis, 13 ga watan Yuni, aka ɗauki babbar fitowar, inda maigidan ke tara 'ya'yansa kwana ɗaya kafin rasuwarsa. Tunda na yi alkawarin faɗin gaskiya a wannan takarda, zan faɗa. Dogo ya shigo da ƙafar hagu. Yara suna hayaniya, bai ɗaga murya ba, ya ƙwanƙwasa zobe a jikin kofi sau uku. Wannan ba ya cikin takardar marubuci, shafi na goma sha tara ne na littafina. Sannan ya ce, “Ku zauna, ina da magana,” a hankali, yadda nake jin ta a kaina duk shekarun nan ban taɓa iya fito da ita ba. Mai ɗaukar hoto ya share ido. Matar marigayin ta yi kukan da ba a sa mata magani a ido ba. Ni ma, da na ba kyamara baya, na gode wa Allah da ƙeyata ce ke aiki. Ya iya. Da bai iya ba da na samu sauƙi. Amma ina so kwamiti ya sani, mutumin da aka tafa wa ranar nan ni na raine shi, Dogo murya kawai ya ara masa.

11. Ranar Juma'a, 14 ga watan Yuni, na je wurin mai kula da kayan wasa in karɓi tsohon hotona, ko ba komai in rataye a ɗakina. Ya yi ta sosa ƙeya, daga baya ya ja ni gefe ya sauke firam ɗin ya juya bayansa. Ashe takardar sabon hoton ba ta da kauri, tana lanƙwashewa a cikin gilashi, kwalin baya kuma ya ruɓe. Da ya rasa abin da zai tokare ta da shi, sai ya bar nawa a ciki. Ina nan a bayan Dogo, ni na riƙe shi yake tsaye. Na daɗe ina kallon bayan firam ɗin, har mutumin ya ce in yi haƙuri. Ya kuma shaida mini cewa an ba kafinta aikin sabon katakon baya, zai kawo ranar Asabar, 22 ga watan nan, a cire nawa a ba ni. Na ce masa ya mayar da shi bango tukuna.

Saboda haka, ranka ya daɗe, cikin ladabi da biyayya ga dokokin ƙungiya, ina roƙon kwamiti mai adalci ya duba waɗannan buƙatu kafin ranar Asabar ɗin:

Na farko, a dakatar da nuna kashi ukun da aka shirya farawa ranar Lahadi, 30 ga watan Yuni, a sake ɗauka da wanda aka yi wa alkawari. Na rubuta wannan ne domin hakkina ne in rubuta. Na ga abin da aka ɗauka, kuma na san amsar da za a ba ni.

Na biyu, idan na farko bai yiwu ba, a tuna cewa marigayin ma ɗa ne, yana da uba. A fitowar waiwaye bangon falon fayau yake, tunda maigidan yana da rai. An ce na tsufa. To, na tsufa daidai kakan yaran. Na haɗa da sabon hoto da na ɗauka ranar Asabar da ta wuce, ba tabarau. Ƙusa ɗaya ce kawai, kuma ba sai na yi magana ba.

Na uku, a sa a dawo mini da littafina mai baƙin bango, bayan Dogo ya gama da shi. Akwai abubuwa a shafi na talatin zuwa sama da bai kai ba tukuna, kada ya yi gaggawa ya ɓata.

Na huɗu, idan kwamiti ya ga duk waɗannan sun yi yawa, to ina roƙon abu guda, wanda ba zai ci wa kowa komai ba. A umarci mai kula da kayan wasa ya sallami kafinta, ya bar firam ɗin yadda yake. Kada a cire ni daga bayansa. Masu kallo ba za su sani ba, Dogo ma ba sai an gaya masa ba. Ni dai in na zauna ranar Lahadi aka nuna falon, in san ina ciki, in kuma iya gaya wa jikata gaskiya cewa ba a kore ni ba.

Ina neman afuwa idan alƙalami ya zarce a wani wuri. Allah Ya ƙara wa Shugaba girma, Ya ba kwamiti ikon yin adalci tsakanin manya da ƙananan 'yan sana'a.

Naka mai biyayya,

Ɗan ƙungiya mai kati lamba 0317,
wanda har zuwa ranar 9 ga watan Yuni aka fi sani da Marigayi.

Abin da aka haɗo da shi: kwafin katin ƙungiya, jerin kashi ɗari huɗu da goma sha biyu da kwanakinsu, sabon hoto guda ɗaya, a kan takarda mai kauri.